Zanen yara a bakin teku da ya raba kan jama'a: ba a gama ba ne, dabara ce, ko gudun haram aka yi?

Maganar ta taso ne a wani gurup ɗin WhatsApp na Hausawa a nan Jidda. Wata Hajiya ta kai jikanta asibitin yara, tana zaune tana jiran layi sai idonta ya sauka kan wani allo da aka rataye a bango, yara biyu mata zaune cikin yashi, ɗaya na haƙa da ɗan shebur tana zubawa a bokiti, ɗayar kuma hular kaba ta rufe mata fuska, can bayansu ga teku da jiragen ruwa masu filafilai amma duk kamar an shafa fenti an bari. Ta ɗauka a waya ta turo, ta ce "jama'a wai wannan mai zanen bai gama ba ne aka karɓe?"

Kafin la'asar amsoshi sun haura ashirin. Wani ya ce Hajiya ai wannan aikin kwamfuta ne, yanzu ko ɗan firamare zai haɗa miki. Wani Malam ya ce da gangan aka ɓoye fuskar saboda hoton mai rai haramun ne. Na uku ya ce irinsu ne fa ake gwanjonsu miliyoyi a Dir'iyya, kusa da Riyad. Kowace amsa akwai ɗan abin kamawa a cikinta, amma babu wadda ta faɗi daidai, kuma tunda irin waɗannan alluna sun fara cika asibitoci da otal-otal da gidajen da mutanenmu ke aiki, ya kamata a warware zaren.

Wane zane ne wannan

Ba aikin kwamfuta ba ne. Wata mata ce 'yar Amurka mai suna Mary Cassatt ta zana shi a 1884. An haife ta a jihar Pensilbaniya a 1844, ta yi yawancin rayuwarta a Faransa, ta rasu a 1926. Asalin zanen fentin mai ne a kan ƙyalle, tsayinsa bai ƙarasa mita ɗaya ba, yana ajiye a babban gidan zane na ƙasa da ke Washinton tun 1970. Wanda Hajiya ta gani kwafi ne da aka buga da injin, kamar yadda ake buga kalanda.

In aka duba da kyau akwai abin lura guda biyu. Yaran ba sa kallon mai kallo, ba sa ma kallon juna, kowacce ta duƙufa kan yashinta, irin duƙufar nan da duk wanda ya taɓa kai yara bahar ya sani, ka kira sunan yaro sau uku bai ji ba. Na biyu kuma aikin ba iri ɗaya ba ne a ko'ina, hannuwan yaran da kumatunsu da rana ta ɗan ƙona da fararen rigunan da aka ɗora musu a sama duk an tsaya an yi su sosai, tekun da jiragen ne aka wuce da sauri da 'yan shafe-shafe. Ashe ba gazawa ba ce, wadda ta iya fitar da yatsun yarinya riƙe da shebur ba jirgin ruwa ne zai gagare ta ba.

Me ake nufi da imfireshinizim

Sunan salon da Cassatt ta yi wannan zane da shi ke nan. Kalmar daga Faransanci take, ma'anarta ta kusa ita ce abin da ido ya kama a kallo ɗaya kafin ka tsaya ƙare wa abu kallo. Larabawa na cewa inɗiba'iyya. Mu ce zanen kallo ɗaya.

Mai son ya gane abin ba sai ya je Faris ba, ya fita Kornish, bakin tekun nan na Jidda, gab da magariba ya tsaya yana kallon ruwa. Ruwan ba shuɗi ba ne kamar yadda yaro zai zana a makaranta, akwai ja a ciki, akwai ruwan goro, akwai toka-toka, kuma cikin minti goma duk sun canza. Yaron da ke gudu a bakin ruwan ba ka ganin gashin idonsa, farar jallabiya kake gani da inuwa mai ɗan shuɗi-shuɗi da motsi. To masu wannan salo cewa suka yi wannan ɗin shi ne gaskiyar gani, shi za su zana. Saboda haka sai su ajiye launuka gefe da gefe da gajerun shafe-shafe ba tare da sun dame su sun yi sumul ba, ido ne zai haɗa su in ka ja da baya. Shi ya sa in ka matsa kusa sai ka ga kwamacala, in ka ja taku huɗu baya sai ka ga teku.

Sunan ma da ba'a ya fara. A watan Afrilun 1874 wasu masu zane kusan 30 suka shirya nunin kansu a Faris a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto da ake kira Nadar, cikinsu akwai Claude Monet da Renoir da Degas da Pissarro da wata mata Berthe Morisot. Monet ya kawo zanen fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre wanda ya sa wa suna da wannan kalma. Wani ɗan jarida Louis Leroy ya yi rubutu yana musu dariya, har ya ce takardar manna wa bango da ba a gama ba ta fi wannan zanen kammaluwa. Wato tambayar Hajiya ba sabuwa ba ce, sama da shekara 150 ke nan ana yin ta. Sunan ba'ar ya bi su, su kuma suka karɓa. Sun yi nuni 8 tsakanin 1874 da 1886, Cassatt ta shiga 4 daga ciki bayan Degas ya gayyace ta, kuma a na ƙarshen ne aka nuna zanen yaran nan.

Me ya kawo wannan salo a daidai lokacin

Abubuwa ne suka haɗu. Kafin nan mai zane a Faransa in yana son ya ci abinci sai ya samu shiga babban nunin gwamnati da ake kira Salon, alƙalan wurin kuwa abin da suke so shi ne zanen tarihi da sarakuna da yaƙe-yaƙe, an goge shi sumul ba a ganin sawun buroshi. Wanda ya kauce sai a ƙi aikinsa.

Sai kyamara ta fito a 1839. Da zarar akwati zai iya fitar da kamannin mutum daidai, sai tambaya ta taso, to mai zane me zai yi wanda akwatin ba zai iya ba? Hoton lokacin ba shi da launi, launi da haske suka zama filin mai zane. A 1841 kuma wani Ba'amurke John Goffe Rand ya ƙirƙiro bututun ƙarfe na zuba fenti, irin na man goge baki, da can a mafitsarar dabba ake ƙulla fenti, ga fashewa ga bushewa. Da bututu sai mutum ya zuba kayansa a jaka ya fita waje. Jirgin ƙasa ya ƙarasa aikin, layin dogo ya haɗa Faris da garuruwan bakin teku na Normandi, masu ɗan hali suka fara zuwa hutu da iyalansu, bakin teku ya tashi daga wurin masunta kaɗai ya koma wurin shan iska. Akwai zanen da Monet ya yi a bakin tekun Trouville a 1870 wanda har yau ƙwayoyin yashi na manne a cikin fentin, iska ce ta watsa su yana cikin aiki.

Yara kuma fa? Nan akwai dalilin da ya shafi Cassatt ita kanta. Mace mai mutunci a Faris ta wancan zamani ba ta zama a gidajen shayi da wuraren rawa da maza ke zanawa, babbar makarantar zane ta gwamnati ma ba ta fara karɓar mata ba sai 1897. Abin da ke gabanta shi ne cikin gida, mata da yara, sai ta mayar da shi fagenta duk da ita ba ta yi aure ba ba ta haihu ba. Sannan yaro ba ya zama wuri ɗaya a zana shi, salon sauri ne kaɗai ke kama shi. Masana da dama na danganta zanen da rasuwar yayarta Lydia a 1882, suna ganin kamar ƙuruciyarsu ta tuna, amma wannan fassara ce ta masana.

Ba ita kaɗai ba ce. Joaquín Sorolla ɗan Balansiya a Sifen, wanda ya rasu a 1923, ya yi suna da zanen yara a bakin ruwa, sai dai nasa da yawa yaran ba kaya a jikinsu, shi ya sa da wuya ka gan su a bangon asibiti a ƙasar nan.

Maganar halal da haram

A nan ne gardamar ta fi zafi, kuma abin da za a kawo bayanin matsayar malamai ne, ba fatawa ba.

Da farko dai batun cewa an ɓoye fuskar don gudun haram ba haka ba ne. Cassatt ba musulma ba ce, kuma ta zana ɗaruruwan fuskoki ƙarara. Ko a wannan zanen ma yarinya ɗaya ce hula ta rufe, ɗayar fuskarta na nan, ta sunkuya ne kawai, ana ganin hanci da baki da kumatu. Amma Malamin da ya kawo maganar ba daga iska ya ɗauko ta ba, tambayar ko hoton da bai fita sosai ba yana shiga hukuncin hoto tambaya ce da malamai suka tattauna.

Asalin maganar hadisai ne ingantattu a Buhari da Muslim, akwai wanda ya yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin sura, akwai wanda ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura, akwai labarin labulen Nana A'isha mai hotuna wanda Annabi (SAW) ya nuna ƙinsa, ta yanka ta yi matasan kai da shi. Akwai mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce sana'arsa ke nan, ya ce masa in dole ne to ka yi itatuwa da abin da ba shi da rai. A ɗaya ɓangaren kuma akwai ruwayar da ta keɓe zanen da ke jikin tufa, ita ma a Buhari da Muslim take. Daga yadda aka haɗa waɗannan ne saɓanin ya fito.

Mafi yawan malaman Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tafi kan cewa zana mai rai da hannu haramun ne, ko a takarda ko a bango, haka rataye shi, sai dai sun sassauta kan wanda ake takawa ko ake jingina a kai kamar darduma da matashi. Wannan ita ce fahimtar da ta yi ƙarfi a Saudiyya, kuma Shaikh Ibn Baz ya haɗa har da hoton kyamara sai na lalura kamar fasfo da katin shaida. Shaikh Ibn Usaimin ya bambanta, a wurinsa ɗaukar hoto nan take da kyamara ba shi ne surantawar da aka hana ba tunda ba hannu ne ya tsara kamannin ba, duk da bai yarda da rataye shi a bango ba. An kuma ruwaito daga gare shi cewa surar da ba ta da ido da hanci da baki ba cikakkiyar sura ba ce. Tushen wannan magana ce da aka ruwaito daga Ibn Abbas cewa sura ita ce kai, in an cire kai ba sura.

Malikiyya, wadda yawancinmu a kanta muka tashi, ta fi sauƙi a nan, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. A mashhurin mazhaba abin da ya haramta shi ne surar mai rai mai jiki wadda ke da inuwa, wato gunki ko mutum-mutumi, kuma gaɓoɓinta cikakku. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle makaruhi ne in an ɗaukaka shi kamar a bango, in kuma abin takawa ne to barinsa ya fi amma bai kai makaruhi ba.

To in aka ɗora zanen Cassatt a kan wannan ma'auni me zai fito? A wurin jamhuru, wato mafi yawan malaman nan, yarinyar da fuskarta ta fito ta isa ta sa allon ya shiga hani, salon shafe-shafen bai cece shi ba. A wurin Malikiyya makaruhi ne a rataye. Zanen wannan salo da mutanen ke can nesa kamar ɗigo-ɗigo ba ido ba baki, shi ne zai iya shiga sassaucin da aka ambata. Wanda kuwa teku ne zalla da jirage da rana, kamar zane-zanen Monet da dama, ba wanda ya hana. Kuskuren da aka fi yi a gardamar shi ne a ɗauka salon gaba ɗaya hukuncinsa ɗaya, alhali allo-allo ne.

Me ya sa yanzu

Wanda ya yi shekara 20 a ƙasar nan ya san da wuya a ga zanen mutum a bangon ma'aikata in ba hoton sarakuna ba. Ko gumakan ado na Kornish da aka kafa zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farisi a shekarun 1970 da 1980, da aikin manyan Turawa irin su Henry Moore da Joan Miró, galibinsu siffofi ne da ba su fito da mutum sak ba. Ba wai ba masu zanen mutane, marigayiya Safiyya bin Zaqr ta nan Jidda tun 1968 ta yi nuni, kuma rayuwarta duka matan Hijaz da bukukuwansu da tufafinsu ta zana har ta rasu a 2024. Amma abin bai zama ruwan dare ba.

Sauyin ya zo da Ru'uya 2030, shirin gwamnatin Saudiyya na sauya fasalin ƙasar, da aka ƙaddamar a 2016. An kafa ma'aikatar al'adu mai zaman kanta a 2018, aka fara babban nunin zane na Dir'iyya a 2021, aka buɗe cibiyar fasaha ta Hayy Jameel a Jidda a ƙarshen shekarar, aka yi nunin fasahar Musulunci a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda a 2023 da 2025. Sai a Fabrairun 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa na farko a ƙasar, a Dir'iyya, aka yi cinikin sama da dala miliyan 17. Wannan labari ne ya sa mutumin gurup ya haɗa allon asibiti da miliyoyi. Hukuma ta buɗe ƙofa, fatawar da mutane suka tashi da ita kuma ba ta canza ba, a tsakanin nan ne ruɗanin yake.

Kuɗin fa

Gaskiya ne asalin zanen wannan salo na da tsada mai ban tsoro. A 2019 an sayar da zanen tarin ciyawa na Monet a New York kan dala miliyan 110.7, a canjin riyal 3.75 ya haura riyal miliyan 415. Dalilin ba kyau kaɗai ba ne, mai zanen ya mutu ba ƙari, mafi yawan masu kyan suna gidajen tarihi ba za su fito kasuwa ba, sai attajirai su yi ta rububin ɗan abin da ya rage. Cassatt ma na da hannu a tashin farashin, ita ta riƙa ba attajiran Amurka shawara su saya tun Faransawa na raina abin.

Kwafi kuwa kuɗinsa kuɗin takarda ne da firam. Haƙƙin mallakar zanen ya daɗe da faɗuwa, gidan da ke ajiye da shi ma ya saki hotonsa kyauta a intanet, kowa na iya saukewa ya buga. Wannan bai shafi mai zanen da ke raye ba, ko wanda bai daɗe da mutuwa ba, dokar Saudiyya ta 2003 ta ba da kariya tsawon rayuwar mai aiki da ƙarin shekara 50, saboda haka mai shagon buga hotuna da ya ɗauko aikin wani ɗan zamani a Instagram ya buga ya sayar zai iya shiga matsala.

Inda abin ya taɓa mutanenmu

Iyaye su ne na farko. Yaro zai dawo daga makaranta da aikin zane, uwa ta tashi a kan fahimta ɗaya, malamar makaranta na kan wata, maƙwabciya na kan ta uku. Sanin cewa saɓanin tsoho ne kuma na malamai ne yana rage zargin juna, kuma wanda ya zaɓi tsantseni yana da fili babba, teku da dabino da jirage da masallaci duk ba gardama a kansu.

Sai masu saye. In wani ya tare ka a kasuwar Balad ko a haraj, wato kasuwar gwanjon tsofaffin kaya, da allo yana cewa asali ne na Turai an rage maka, ka shafa gefensa a hankali ka duba ta haske, fentin mai yana da tudu-tudu da sawun buroshi, bugun inji sumul yake, in ka kawo ido kusa ma za ka ga ƙananan ɗigo a jere. Ko ya yi tudun ma ba shaida ba ce, akwai masu kwaikwayo da hannu da yawa. Asali ba ya yawo ba takardun tarihinsa.

Akwai kuma sabon yayi, mutum ya ɗauki hoto a waya manhaja ta mayar da shi kamar zanen fenti. In 'ya'yanka ne wannan tsakaninka da fahimtarka ne. In 'ya'yan wasu ne da ka gani suna wasa a Kornish ko Abhur to nan doka ce, dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ko duka biyun ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya, ƙa'idojin ɗa'a na 2019 ma sun hana ɗaukar mutane ba izini. Shafe fuskar da manhaja daga baya ba ya goge ɗaukar da aka yi, ga baƙo mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ƙaramar magana ba ƙarama ba ce.

'Yan'uwanmu mata masu shagala, wato aikatau, a gidajen masu hali su ne suka fi kusa da irin waɗannan alluna, wani lokaci ma na gaske ba kwafi ba, ko da ba na Monet ba ne zai iya zama na dubban riyal. Fentin mai da ba gilashi a kansa ba a sa masa ruwa, ba a fesa masa maganin goge gilashi, ba a murza shi da tsumma, danshi na shiga ƙyallen ya sa fentin ya ɗago. Firam ɗin kaɗai ake gogewa da busasshen ƙyalle, fuskar allon kuma a tambayi matar gidan tukuna. Wadda kuma zuciyarta ba ta kwanta da yin salla a ɗakin da yake rataye ba, malaman mazhabobin nan sun tafi kan cewa sallar ta yi, karhanci ne kawai musamman in hoton na gabanta, sai ta canza kusurwa ko ta koma wani ɗaki.